Ranar da Birnin Hanshu Ya Sa Farare

A zamanin da mazan ƙasar Sin ke aske gaban kai su kitse sauran gashin jela guda har gadon baya, an yi wani ɗan fasa-ƙwaurin gishiri mai suna Bao Tieshan, wanda ya ga gishiri ya yi masa kaɗan, ya ce shi mulki yake so. Ya tara 'yan tawaye, ya ci garuruwa goma sha ɗaya cikin shekara biyu, har ya zo ya tsaya a gaɓar Kogin Mei yana hangen ganuwar Birnin Hanshu. Duk wanda ya ci Hanshu ya buɗe ƙofar ƙasar shinkafa, daga nan kuwa babu abin da zai tare shi sai fadar Sarkin Sin, wanda mutanensa ke kira Ɗan Sama, ko da yake ni da kai mun san mai sama. Wata takwas Bao yana gaɓar nan yana cizon yatsa, domin hatimin yaƙin Hanshu yana hannun Sarkin Yaƙi Shao Dunli.

Shi wannan Shao siririn mutum ne marar yawan magana, kuma ba ɗan Hanshu ba ne. Dokarsu ta hana a naɗa mutum sarauta a lardin da aka binne cibiyarsa, don kada dangi su zagaye shi su hana shi gaskiya. Garinsu Nanpu, tafiyar kwana ashirin a kan doki. Can ya bar matarsa Suyin tana yi wa mahaifiyarsa hidima, don a wurinsu in an auro mace, uwar miji aka fara auro wa. Mahaifiyar tasa, tsohuwa Lan, 'yar wani malamin ƙauye ce, ta iya rubutu. Mijinta ya rasu Shao yana ɗan shekara huɗu, ta ƙi sake aure, ta riƙe shi da saƙa da ɗinkin takalma. Tana saƙa yana gefenta yana haddar littattafan jarrabawar fada, in ya ci gyara ta ƙwanƙwasa masa ƙoshiya a ka. Da ƙwanƙwasar nan ya ci jarrabawa uku, ya yi ta hawa har ya kai inda ya kai.

Tun ranar da ya bar gida, duk farkon wata sai ɗan aike ya iso da ƙunshi daga Nanpu: wasiƙa da hannun tsohuwa, da baƙin takalmin yadi, ɗinkin hannunta. Sojoji har tsokanarsa suke yi a bayan ido, wai Sarkin Yaƙi ya fi kowa takalmi a ƙasar Sin. Amma a 'yan watannin nan akwai abin da ke ci masa rai, wanda bai faɗa wa kowa ba. Wata huɗu da suka wuce kibiyar 'yan tawaye ta same shi a kafaɗar hagu, ya yi kwana tara a kwance, har aka fara raɗe-raɗin ba zai tashi ba. Da ya farfaɗo ya rubuta wa tsohuwa duk abin da ya faru. Wasiƙarta ta zo, tana ba shi labarin itacen lemon tsakar gida da kazar da ta ƙi kwanci, tana ce masa ya riƙa cin abinci da zafinsa, amma ko kalma ɗaya babu a kan rauni. Ya sake rubutawa, aka sake kawo masa labarin lemo. Ga mutum ɗan shekara arba'in da shida, mai dakaru dubu goma sha biyu, amma sai ya shiga ɗaki yana fushi da uwarsa don ba ta ce masa sannu ba.

Kafin mu ci gaba sai na faɗa maka wata doka tasu, don a kanta labarin nan ya rataya. Mutanen nan ba addininmu suke bi ba, amma wajen girmama iyaye sai dai a sara musu. In uwa ko uban ma'aikacin sarki ya rasu, daga sa'ar da labari ya shiga kunnensa sai ya ajiye hatimi, ya tuɓe rigar sarauta, ya sa farin tsumma mai kaushi wanda ko bakinsa ba a kalmashe ba, ya koma gida ya zauna makoki wata ashirin da bakwai. Fari a wurinsu launin mutuwa ne. Ba mai ɗage wa mutum wannan zama sai Ɗan Sama da bakinsa. Wanda kuwa ya ɓoye rasuwar don kwaɗayin kujera, a tuɓe shi, a yi masa bulala a bainar jama'a, sa'an nan a kankare sunansa daga littafin zuriyarsu, ya zama ba shi da kaka ba shi da jika. Wannan na ƙarshen shi suka fi tsoro, fiye da takobi.

To, a fada akwai Waziri wanda ya daɗe yana son hatimin Hanshu ya koma hannun ɗan ƙanwarsa, Galadima Dou Kang, mai kula da mulkin birnin. Dou mutum ne mai ƙiba da taushin murya, wanda bai taɓa hawa ganuwa ba sai ranar biki. Sau uku yana tsayawa a majalisa yana cewa a kwashe taska a bar birni a koma kan duwatsu, tunda kowa ya san Bao na jiran jiragen ruwa ɗari biyu da manyan bindigogi, ranar da suka iso kuwa ganuwa ba za ta kai labari ba. Sau uku Shao yana tambayarsa wa zai ɗauki talakawa dubu tamanin zuwa kan duwatsun. Daga nan sai Dou ya koma rubuta wa kawunsa Waziri wasiƙu.

Wata safiya a farkon kaka aka wayi gari balbelu sun cika rufin zauren majalisa fari fat, abin da ba a taɓa gani ba. Masu duba suka girgiza kai, suka ce mutuwa ce ta shiga babban gida. Kafin rana ta yi tsaka masu gadin ƙofar arewa suka busa ƙaho, aka ce jakadan fada ya iso.

Jakadan shi ne Nie Ruhai, ɗaya daga cikin masu binciken fada, busasshen tsoho wanda aka ce bai taɓa karɓar ko kofin shayi daga hannun wanda yake bincika ba. Waziri da gangan ya zaɓe shi, don ya san in Nie ya kama mutum da laifi ba mai ƙwatarsa. Aka taru a zaure, manyan yaƙi a dama, manyan gari a hagu. Nie ya ɗaga takardar sarki mai ruwan ɗorawa, kowa ya durƙusa ya buga goshi a ƙasa sau tara. Da Shao ya ɗago sai ya hangi wani tsoho a tsakanin dogaran jakada, an maƙala masa faffaɗan katako a wuya irin na masu laifi. Nan take ya gane shi. Baffa Mingde ne, ƙanen mahaifinsa, mai riƙe da littafin zuriya da makullin ɗakin kakanni a Nanpu.

Nie ya ce, "Shao Dunli, Sarkin Yaƙin Hanshu, mai riƙe da hatimin Ɗan Sama, fada tana tambayarka, ka kuma amsa kamar kana gaban karaga. Yaushe rabonka da labarin mahaifiyarka?"

Shao ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana goma sha biyu ke nan da wasiƙarta ta iso. Takalmin da ke ƙafata ma tare suka zo."

"Ta Nanpu na biyo," in ji Nie. "Na sa an buɗe mini ɗakin kakanninku, na ga akwatin gawa a liƙe, ba a binne ba, ba a kuma kai sanarwa gidan hakimi ba. Wata biyar ke nan mahaifiyarka tana cikinsa. An kawo ƙara fada cewa kai ka ba da umarnin a ɓoye, don kada hatimi ya bar hannunka. Me za ka ce?"

Shao ya dubi takalmin ƙafarsa, ya dubi baffansa, tsoho ya sunkuyar da kai iya yadda katako ya bar shi. Nan take abin ya haɗu a kansa: wata biyar da rasuwa, wata huɗu da kibiya. Ashe ba fushi take yi ba, ba kuma mantuwar tsufa ba ce. Ashe duk watannin nan yana jin haushin matar da ke kwance cikin akwati. Allah sarki. Ya kifa goshi a ƙasa.

Galadima Dou ya miƙe ya gyara riga, ya ce wannan abu ya ba shi baƙin ciki ƙwarai, amma ɗan da ya sayar da makokin uwarsa don kujera ba abin da ba zai sayar ba, don haka yana roƙon jakada ya yanke hukunci tun rana ba ta faɗi ba. Nie ko kallonsa bai yi ba. Ya sa aka matso da Baffa Mingde, ya shaida wa majalisa cewa tun daga Nanpu ya ƙi buɗe baki, wai ya yi rantsuwa ba zai yi magana ba sai a gaban ɗan wansa. To, ga ɗan wan nasa nan, sai ya faɗa.

Baffa Mingde ya ce, "Ranka ya daɗe, katakon nan ya dace da wuyana, ban ce a cire ba. Amma Dunli bai san komai ba. Da matar wana ta ga ciwo ya ci ƙarfinta, ta kira ni, ta kira surukarta Suyin, ta sa muka durƙusa gaban allunan da aka rubuta sunayen kakanni. Ta ce, 'In Dunli ya ji na mutu, a ranar zai ajiye hatimi, na san abin da na haifa. In ya ajiye, Hanshu ta faɗi. Iyaye mata dubu nawa za a yanka don a yi kukan tsohuwa guda?' Ta sa muka rantse za mu yi shiru. Kwana goma sha tara ta yi tana rubutu tana ɗinki, in allura ta gagare ta sai Suyin ta tura mata. Wasiƙa shida ta bari da takalma shida, ta ce a riƙa aika ɗaya duk farkon wata. Biyar sun iso. Ƙunshi na shida ta ce kada a ba shi sai ranar da asiri ya tonu. Ga shi nan ɗinke cikin rigata."

Aka farke rigar tsoho aka ciro ƙunshin. Wasiƙa ce da takalmi kamar kullum, sai dai wannan takalmin fari ne. Nie ya sa aka ɗauko sauran wasiƙun biyar daga ɗakin Sarkin Yaƙi, ya jera su a kan tebur ya daɗe yana dubawa. Hannu ɗaya ne, takarda ɗaya aka yayyanka, kuma daga ta farko zuwa ta ƙarshe rubutun sai ƙara karkacewa yake yi, kamar yadda hannun mai shi ke ƙara mutuwa. Sa'an nan ya karanta ta shida da ƙarfi, kowa yana ji.

"Dunli ɗana, in wannan ta iso hannunka, na riga na tafi wurin mahaifinka. Laifin ɓoyewa nawa ne, kada a taɓa baffanka ko matarka. Na yi maka ƙarya wata da watanni, ni da na hana ka ƙarya tun kana rarrafe, ka yafe mini. Ga umarnina na ƙarshe: kada ka bar ganuwar nan sai abokin gaba ya bar ta. In ka taho ka bar mutane a bakin takobi, kada ka tsaya gaban akwatina, ban san ka ba."

Har dogaran jakada sai da suka riƙa goge ido a ɓoye. Nie ya naɗe takardar da hannu biyu, ya ce ya wanke Shao Dunli daga laifin ɓoyewa, sunansa yana nan daram a littafin zuriya. Manyan yaƙi suka fara sauke numfashi, sai Nie ya ɗaga hannu, ya ce amma yanzu labari ya shiga kunnensa a gaban shaidu, don haka sai ya ajiye hatimi, takardar sarki kuwa ta ce Galadima Dou ne zai karɓa. Nan wayon Waziri yake. In an sami Shao da laifi hatimi ya tafi, in ba a same shi da laifi ba ma hatimi ya tafi.

Madawaki Tong Hai, mataimakin Shao, ƙaton mutum mai muryar ganga, ya faɗi a gaban jakada yana roƙo a aika fada a nemi Ɗan Sama ya ɗage makokin, tunda abokin gaba na bakin kogi. Nie ya ce zai aika yau ɗin nan, amma zuwa da dawowa kwana arba'in ne, shi kuwa ba a ba shi ikon ɗage abin da sarki kaɗai ke ɗagewa ba. Madawaki ya ce jiragen Bao ba za su kai kwana arba'in ba, wannan mutuwar birni ce aka yanke. Wasu suka goyi bayansa, mutanen Galadima suka taso musu, hayaniya ta kaure, har hannaye suka fara neman ƙotar takobi. Sai Shao ya miƙe, kowa ya yi shiru.

Ya kwance hatimi daga ɗamararsa ya ajiye a gaban jakada, ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce in ajiye, ga shi na ajiye, ba zan zama ɗan da ya riƙe kujera gawar uwarsa na jira ba. Uwata kuma ta ce kada in bar ganuwa, ba zan bar ta ba. Ina tambayar jakadan Ɗan Sama, akwai dokar da ta hana maraya marar sarauta ya tsaya a kan ganuwa yana kukan uwarsa?"

Nie ya shafa gemu, ya ce doka ta umarci mai makoki ya koma gida, amma doka ɗin ce kuma ta ce ɗa ya bi maganar uwarsa, shi kuwa bai ga inda aka rubuta ranar tashi ba. Shao ya gode masa. Ya juya wurin baffansa, ya durƙusa ya buga goshi sau uku, ya ce, "Baffa, ka ɗauki katako kwana ashirin saboda ni, Suyin ta haɗiye kukanta wata biyar. Ban san da bakin da zan gode muku ba." Ya tuɓe rigar sarauta a nan zauren, aka kawo masa farin tsumma da takalmin kaba ya sa. Farin takalmin tsohuwa kuwa ya cusa shi cikin ƙirji, ya ce ba zai taka ganuwar yaƙi da shi ba.

Kafin la'asar labari ya game gari. Wata tsohuwa mai sayar da awara a bakin ƙofar kudu ita ta fara. Ta ce matar nan saboda mu ta mutu ba a yi mata kuka ba, to yau za a yi. Ta yage farin zaninta ta ɗaura a ka, ta hau ganuwa ta tsaya bayan Shao tana rusa kuka. Maƙwabtanta suka bi ta, sojoji suka yage cikin rigunansu suka ɗaura a goshi, 'yan kasuwa suka fito da bandir-bandir na farin yadi suka rataya a hasumiyoyi. Ba wanda ya ba da umarni, ba kuma wanda ya yi tunanin dabarar yaƙi, godiya ce kawai ta talakawa ga tsohuwar da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Washegari Hanshu ta tashi fari fat tun daga ƙofar kudu har ta arewa.

Abin da ya faru a hayin kogi daga baya aka ji shi daga bakin kamammu. Bao ya fito ya ga farare, ya ji kukan mata yana ƙetaro ruwa, ya tara manyansa. Wani tsohon mashawarcinsa ya roƙe shi ya ƙara haƙurin kwana goma jirage su iso. Bao ya yi dariya, ya ce birni guda ba ya sa farare sai don mutum guda, kibiyar nan ce ta ƙarasa Shao. 'Yan leƙen asirinsa suka ƙara masa da cewa lalle hatimi ya koma hannun Dou Kang. Shi ke nan, ya ce in ya tsaya jiran jirage, matsoracin nan zai gudu masa da taska. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mutum dubu tamanin za su yi makokin wata tsohuwa mai ɗinkin takalmi ba.

A safiya ta uku Shao yana tsaye a kan ganuwa ya hango 'yan tawaye suna ɗaure gora da igiya don su haye ruwa a kai. Ya dubi fararen da ke kaɗawa a kansa, ya sake duban kogi, nan da nan ya gane abin da Bao ya zata. A cikin gari kuwa Galadima Dou ya riga ya sa ana loda akwatuna a kan amalanke, za a fita ta ƙofar arewa. Jakada Nie ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce masa hatimin da ya daɗe yana nema ga shi ya samu, amma duk wanda ya bar birni da hatimi a ɗamara, kansa zai kai fada cikin kwando. Dou ya juya ya ce wa Madawaki ya je ya yi duk abin da ya ga ya dace.

Madawaki ya hau ganuwa a guje, ya durƙusa gaban mai makoki, ya ce, "Maigida, ba umarni nake nema ba, na san doka. Shawara nake nema."

Shao ya ce, "Ni yau ba kowa ba ne. Amma da ni ne mai hatimi, da ban sauke ƙyalle ko ɗaya ba. A ce wa mata su ƙara kuka, a lulluɓe bindigogi da farare, kada a harba ko kibiya sai rabinsu sun haye."

Haka aka yi. 'Yan tawaye suka yi ta hayewa suna ihu suna waƙa, wasu ma ba su ɗauko garkuwa ba don su sami hannun ɗibar ganima. Da hantsi ya yi rabin rundunar na wannan gaɓa, rabi na tsakiyar ruwa, Bao da kansa yana kan wani tsibirin yashi yana ba da umarni. Sai aka yaye fararen. Bindigogin ganuwa suka tashi gaba ɗaya a kan masu hayewa, gora ta tarwatse, kogi ya cika da mutane. Ƙofar kudu ta buɗe, dakaru dubu goma sha biyu suka kwararo da farare a goshi, a cikin sahun farko kuwa ga wani siririn mutum a ƙasa, ba doki ba sulke, sanye da tsumman makoki, takobi a hannun dama. Waɗanda suka san fuskarsa suka fara ihu fatalwar Shao ce ta fito, suka zubar da makamai suka koma ruwa suna tattake juna. Kafin azahar an gama. Madawaki ya kamo Bao a kan yashi, ya kawo shi ɗaure da igiyar da shi Bao ɗin ya sa aka ɗaure gora da ita.

Da yamma Jakada Nie ya cire katako daga wuyan Baffa Mingde da hannunsa, ya kuma ba shi haƙuri, abin da aka ce bai taɓa yi wa kowa ba. Ya karɓe hatimi daga Dou ya ba Madawaki riƙo, ya ce amalanken nan da akwatunan da ke kansu za su shiga takardar da zai kai fada, tare da sunan Wazirin da ya shirya ƙarar tun farko. Sa'an nan ya ce wa Shao in ya jira amsar fada, ba shakka Ɗan Sama zai ɗage masa makoki ya ƙara masa girma. Shao ya gode, ya ce abokin gaba ya bar ganuwa, umarnin uwarsa ya cika, saura haƙƙinta. Wata ashirin da bakwai take binsa, ba zai rage mata ko kwana ɗaya ba.

Washegari da safe mutanen gari suka cika hanyar ƙofar arewa, mai awara na gaba da ƙunshin guzuri. Shao ya yi wanka, ya zauna a bakin ƙofa ya cire takalmin kaba, ya ciro farin takalmin daga ƙirjinsa. Ɗinkin ya karkace, a wasu wuraren ma ana ganin inda hannu biyu suka haɗu a kan allura ɗaya. Da ya zura ƙafar dama sai ya ji wani abu ya tokare masa yatsa. Ya sa hannu ya ciro 'yar takarda a naɗe, rubutun da kyar ake karanta shi.

"Wannan naka ne kai kaɗai, ba na majalisa ba. Na san halinka, ba ka tsayawa a baya, don haka na san zuwa yanzu an ji maka rauni a wani wuri. Na kuma san ka rubuto mini, ka ga ban tambaya ba, ka ji haushi. Tun kana ƙarami haka kake. To ga shi ina tambaya. Sannu, ɗana. Yaya jikin?"

Shao ya karanta sau biyu. Kukan da bai yi a zaure ba, bai yi a kan ganuwa ba, a nan ya yi shi, a gaban jakada da sojoji da mai awara, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Da ya lafa ya dafa kafaɗarsa ta hagu, ya ce a hankali, "Ya warke, Inna. Na gode." Ya sa ɗaya takalmin, ya kama hannun baffansa ya ɗora shi kan doki, shi kuwa ya riƙe linzami ya kama hanyar Nanpu a ƙasa.